Kunkurun Tsintuwa: A Riƙe Ko A Sake?

A watan Oktoba na shekarar 2022, lokacin da kogin Lagon ya cika ya batse har ya afka wa unguwannin Kuseri, babu irin abin da ido bai gani ba a kan titi. Tabarmi da tukwane suna yawo a bisa ruwa, kaji sun hau katangu, mutane ɗauke da katifu a ka suna neman inda za su raɓa. Layinmu yana ɗan kan tudu, saboda haka ruwan bai shigo mana ɗaki ba, sai dai baƙi da muka yi ta saukewa. To, a cikin baƙin nan akwai wanda har yau ake labarinsa a gidanmu, shi ne wani ƙaton kunkuru da yara suka turo a cikin baro wata rana da hantsi, jikinsa duk taɓo, suna ihu sai ka ce zaki suka kamo.

Sun ce a bakin wani kwalbati suka same shi, yana ta ƙoƙarin hawa kan hanya yana zamewa. Faɗin bayansa ya kai na babban faranti, kuma da muka ɗora shi a sikelin wani mai sayar da hatsi daga baya, sai muka ga nauyinsa kilo 31.

Kafin azahar kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Autana ya riƙe mini riga yana cewa, "Baba, don Allah a bar mana shi, ba ya cizo, ba ya kuka." Wani maƙwabci ya ce tun da ruwa ya kawo shi, a mayar wa ruwa kayansa, a jefa shi kogi kowa ya huta. Wani saurayi ya raɗa mini cewa wannan ai tsuntsu ne daga sama gasasshe, in aka haye gadar Ngeli da shi zuwa Injamena ba za a rasa mai saye ba. Wani dattijo kuma ya ja ni gefe ya ce kada in kuskura in rabu da shi, domin gidan da ke da kunkuru sammu ba ya kama shi. Uwargida ce ta yi magana daga ƙarshe, kuma tata ta fi tsaya mini a rai. Cewa ta yi, "Malam, kafin ka ce wa yaran nan to, ka gaya mini wa zai riƙa kwashe kashinsa, kuma a ina zan riƙa yin shanya."

Na san ba gidanmu kaɗai irin wannan ta taɓa samu ba. Duk damina, daga Kuseri zuwa Marwa har Garwa, yara kan tsinci kunkuru a gona ko a bakin hanya su kawo gida, kuma mafi yawan lokaci abin da ke biyo baya shi ne a huda bayansa a ɗaure da waya, a yi wasa da shi mako biyu, sannan a manta da shi a bayan ɗaki har ya mutu. Wannan ne ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na koya a kan lamarin, ko Allah Ya sa ya amfani wani.

Wane iri ne?

Tambayar farko ba ta riƙo ko saki ba ce. Tambayar farko ita ce: wane iri ne ka tsinta? Mu Hausawa mun raba su biyu, kunkuru na tudu da kififiya ta ruwa, amma a bakin yara duk kunkuru ne, kuma wannan rashin bambancewa shi ke kashe su. Mai karatu ya dubi ƙafa. Wadda ke da ƙafafu masu faɗi, da fata a tsakanin yatsu kamar na agwagwa, bayanta kuma a shimfiɗe, wannan 'yar ruwa ce. Akwai masu taurin baya da ke zama a tafkuna da kududdufai, waɗanda kan shige cikin laka su kwanta idan ruwa ya ƙafe, su fito da saukar damina. Akwai kuma masu taushin baya kamar fata, masu dogon wuya da ɗan tsinin hanci, waɗanda masunta ke kamawa a Lagon da Shari da Binuwai. Waɗannan suna da cizo, kada yaro ya kai hannu kusa da bakinsu. Duk wadda ka tsinta daga cikin waɗannan, maganarta gajeriya ce: ka mayar da ita ruwa mafi kusa da inda aka same ta, a ranar. Ba ta ɓata ba, tafiya take yi daga wani ruwa zuwa wani, ko kuwa tana neman inda za ta binne ƙwai. A cikin bokiti ko randa ba abin da za ta yi sai ramewa.

Kada a raina wannan ɗan aiki. Akwai wata babbar kififiya mai taushin baya wadda a da ake samu a kogunan yankin nan, daga Gana har Sudan. Ta yi ƙaranci har masana suka yi shekaru da dama ba su sa ta a ido ba, sai a 2017 aka sake gano ta a kogin Nilu, a Sudan ta Kudu.

Shi kuwa kunkurun tudu ƙafafunsa dunƙulallu ne kamar na giwa, bayansa a tashe kamar ƙwarya a kife. Akwai ƙarami, wanda ƙarshen ƙoƙon bayansa ke lanƙwashewa ya rufe ƙafafun baya idan ya ji tsoro. Sannan akwai babban, mai launin rairayi, mai manyan ɓawo a hannuwa, da wasu tsinuka masu kama da ƙaho a bayan cinyoyi. Masana suna kiransa sulkata, kuma shi ne baƙonmu. Da mun bi shawarar maƙwabcina mun jefa shi a Lagon, da nutsewa zai yi kamar dutse, domin wannan iri bai iya iyo ba.

Gidansa na asali shi ne Sahel, daga Muritaniya da Senegal, ta Mali da Nijar da arewacin Nijeriya da Chadi, har Sudan da Habasha da Eritriya. Shi ne na uku a girma a cikin kunkuran tudu na duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra, kuma a cikin waɗanda ba na tsibiri ba babu wanda ya kai shi. Namiji da ya gama girma yakan wuce kilo 50, wasu ma su doshi 90 ko fiye. Wato ɗan abin nan da yaro ke ɗora wa a tafin hannu, wata rana sai maza biyu sun yi da gaske kafin su ɗaga shi.

Raƙumi ne ko tunkiya?

Ni ba malamin fiƙihu ba ne, amma duk wanda ya zauna a gaban malami ya karanta Risala ya wuce ta babin tsintuwa. Ƙa'idar da aka koya mana ita ce wanda ya tsinci kayan wani ya yi cigiya har shekara guda. Game da dabbobi kuma an bambanta. Raƙumin da aka gani a daji ba a kama shi, saboda yana iya kai kansa ga ruwa, ya ci ganyen itatuwa, har mai shi ya same shi. Tunkiyar da aka gani a dokar daji kuwa ana ɗauka, domin in an bar ta namun daji za su cinye ta. Da na yi tunani sai na ga wannan ma'auni ya zauna daram a kan kunkuru. Wanda ka gamu da shi a daji ko a gefen gona yana harkarsa, raƙumi ne, ka bar shi. In a tsakiyar kwalta ka gan shi, ka tsallakar da shi zuwa gefen da ya nufa, ka yi gaba. Ko ɗaukarsa ma ba tare da dalili ba cuta ce, domin idan ya tsorata yakan zubar da ruwan da ya tara a mafitsara, wanda shi ne guzurinsa na rani.

Namu kuwa tunkiya ce. A tsakiyar gari aka same shi, ga karnuka, ga babura, ga ruwa ta ko'ina. Da muka wanke shi sai alamu suka fito fili cewa ɗan gida ne. A gefen ƙoƙonsa ta baya akwai huda da guntun tsatsattsiyar waya a ciki. Bayansa ba sumul yake ba, kowane ɓawo ya yi tozo kamar kunyar dankali, abin da ba a cika gani ga na daji ba. Kuma maimakon ya ɓuya idan ya ga mutum, da ya hangi uwargida da kwano a hannu sai ya miƙo wuya ya nufo ta. Ko shakka babu katangar wani gida ce ta faɗi ya fito. Saboda haka shawarar sayarwa ta faɗi tun a nan, domin ba a sayar da kayan mutane. Muka gaya wa mai unguwa, aka yi cigiya a masallaci bayan sallar Juma'a, yara kuma suka watsa hotonsa a WhatsApp, muka zauna jira.

Abin da riƙo ke ci

A wannan zaman jira ne na gane cewa maganar autana, wai ba ya cizo ba ya kuka, ita ce babbar masifar kunkuru. Akuya in ta ji yunwa ta cika gida da kuka, kaza in ba ta da lafiya kowa zai gani. Shi kuwa sai ya shekara yana shan wahala ba wanda ya sani, kuma saboda yana daɗewa bai mutu ba sai a ce ai ba ya buƙatar komai. Har na sha jin masu cewa iska yake ci. Ba gaskiya ba ne.

Makiyayi ne kamar saniya. Abincinsa ciyawa ce, ɗanya da busasshiya: gude-gude, harkiya, kiri-kiri, tare da ganyaye irin su tafasa da rama da ganyen kabewa. Abin da muka saba zuba masa a gidaje, wato ragowar tuwo, da shinkafa, da burodi, da dusa, har da nama, shi ke lalata shi. Irin wannan ci, tare da zama a busasshen wuri babu ramin da zai shiga, shi ke sa bayansa ya yi tozo, ƙashinsa ya yi laushi, ƙodarsa ta samu matsala. Mangwaro da kankana yana son su ƙwarai, amma sai dai ɗanɗano jefi-jefi, yawansu na sa shi zawo. Ana daka masa ɓawon ƙwai a barbaɗa a kan ciyawa saboda ƙarfin ƙashi. A kiyaye shi daga tumfafiya da zaƙami da cin-da-zugu. A kuma tsince leda daga tsakar gida, domin yakan haɗiye ta kamar yadda awakinmu ke yi, ta toshe masa hanji. Ruwa kuwa a zuba a faffaɗan faranti marar zurfi, wanda zai iya shiga ya jiƙa jikinsa ya fito da kansa.

Da damina samun ciyawa ba wuya. A watan Afrilu fa, lokacin da buhun ciyawa ke tsada, masu tumaki ma suna kuka? Mai niyyar riƙo ya yi wannan lissafi tun yanzu.

Sai maganar wuri, wadda ita ce ta fi ba ni wahala. Wannan dabba maginin rami ne. A daji yakan haƙa rami mai tsawon mita da yawa a ƙarƙashin ƙasa, ya shige ya kwanta a lokacin zafi, ya fito da sanyin safiya ko da yamma. Ramin ne ke tsare shi daga ranar bazara, wadda a nan Kuseri takan wuce digiri 40, kuma shi ne bargonsa a daren hunturu, domin ba ya jure sanyi da laima. Mu kuwa tsakar gidanmu siminti ce in ban da wani ɗan fili a gindin katanga. A cikin kwana huɗu ya gano wurin, kuma kafin mu farga ya shige har rabin jikinsa a ƙarƙashin harsashin ginin. Wanda ke da katangar ƙasa ya san abin da wannan ke nufi. Yana da ƙarfin da ba a zato: ya ture randa, ya kayar da keke, ya tura turmi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Idan kuma ya yi yunƙurin hawa wani abu ya kife rigingine a cikin rana ba wanda ya gani, sa'o'i kaɗan sun isa su kashe shi. Maza biyu ba sa zama wuri ɗaya, da wani tsini da ke ƙarƙashin wuyansu suke karo har ɗaya ya kifar da ɗaya. Masu iya magana sun ce kunkuru ya so dambe ba shi da yatsa. Da alama ba su ga na Sahel a lokacin barbara ba.

Game da hudar nan ta bayansa, ina so in ɗan tsaya. Mutane da yawa suna zaton ƙoƙon kunkuru kamar tukunya ce da ya shiga ciki, wadda za a iya hudawa ko a shafa wa fenti. A'a. Ƙashin bayansa ne da haƙarƙarinsa suka haɗe suka zama ƙoƙon, akwai jini da jijiya a ciki. Wanda ya sa ƙusa mai zafi ya huda shi, ƙashin mai rai ya huda. Dukanmu mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Ban ga dalilin da zai fitar da kunkurun da aka ɗaure a bayan ɗaki daga wannan gargaɗi ba. Ranar da muka cire masa wayar nan da filaya, wurin har ya yi baƙi.

Akwai kuma lafiyar mutanen gida. Kunkuru da kififiya sukan ɗauki ƙwayar cutar salmonela a cikin kashinsu ba tare da su sun nuna alamar ciwo ba, kuma tana sa zawo da zazzaɓi mai tsanani, musamman ga ƙananan yara. Saboda wannan ne Amurka ta hana sayar da ƙananan kififiyu tun 1975, don yara na sa su a baki. A gidanmu doka ta zama duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu, kuma ba ya zuwa kusa da madafa. Masu dabbobi su duba kaska a hammatarsa da cinyoyinsa. A shekarar 2000 Amurka ta hana shigo da wannan iri na kunkuru daga Afirka saboda kaskar da ke jikinsu na iya ɗaukar wata cuta mai kashe shanu da tumaki. Amma maganar cewa yana maganin sammu ko asma, ni dai ban ga hujjarta ba a wajen likita ko a wajen malami, kuma na gaya wa dattijon haka cikin ladabi.

Babban abin da ya sa jikina ya yi sanyi shi ne shekaru. Wannan iri yakan wuce shekara 70. Wato akwai kunkuru a raye a yau da aka ƙyanƙyashe kafin Kamaru ta samu 'yancin kai a 1960. Masu sauraron rediyo za su tuna da Alagba, kunkurun fadar sarkin Ogbomosho a Nijeriya, wanda ya mutu a watan Oktoba na 2019, aka ce shekarunsa 344. Masana sun ce wannan lissafi ya yi yawa, amma abin lura shi ne fada ce ta riƙe shi, da ma'aikata masu kula da shi. Ni kuwa gidan haya nake. Yaran da ke roƙo a bar musu shi, nan da shekara 10 wannan yana Ngaundare wajen karatu, wannan ta yi aure. Wanda ya ce zai riƙe kunkuru ya ɗauki alkawari ne a madadin magadansa, ba tare da ya shawarce su ba.

To, a kai shi daji mana?

Wannan ita ce shawarar da na fara karkata gare ta. Gandun dajin Kalamaluwe yana nan kusa da mu a kan hanyar Maltam, an mayar da shi gandun ƙasa a 1972, ga kuma Waza mai faɗin hekta 170,000 a hanyar Marwa. Na ce in ba a samu mai shi ba, sai in ɗauki mota in sauke shi can. Da na bincika sai na ga wannan ma kuskure ne. Kunkurun da ya tashi a kan dusa da ruwan kwano bai san inda zai sami abinci ko mafaka ba, kuma ba ya gudun mutum, mafarauci na farko da ya gamu da shi zai ɗauke shi. Yawancin filayen nan kuma fadama ce da ruwa ke mamayewa duk shekara, alhali shi ɗan rairayi ne. Bugu da ƙari, na gida kan kai wa na daji cuta. A hamadar Mohabe ta Amurka wata cutar numfashi ta yi wa kunkuran daji ɓarna ƙwarai, kuma ana danganta yaɗuwarta da waɗanda mutane suka gaji da su suka saka a daji.

Mayar da su daji aiki ne na masana. A Senegal akwai wani wuri da ake kira Ƙauyen Kunkuru a Nofilaye, kusa da Dakar, inda ake karɓar waɗanda aka ƙwace ko aka gaji da su, a duba lafiyarsu, a saba musu da ciyawar daji, sannan a saki wasu a yankin Ferlo ana bin sawunsu. Wani ɗan ƙasar mai suna Tomas Diagne yana cikin waɗanda suka kafa wurin, ya kuma shafe rayuwarsa a wannan aiki. Mu a nan arewa abin da muke da shi shi ne ofisoshin ma'aikatar gandun daji da namun daji, waɗanda muka fi sani da Eaux et Forêts, da gidan namun daji na Garwa, da kuma makarantar horar da masu kula da namun daji ta Garwa, wadda aka buɗe a 1970 kuma take karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. Daga Kuseri zuwa Garwa kusan kilomita 500 ne, ba kusa ba, amma ofishin gandun daji yana nan cikin gari.

Kuma zuwa wurinsu ba alfarma ba ce. Dokar ƙasa ta ran 20 ga Janairu 1994 ta kasa namun daji aji uku, A da B da C, gwargwadon kariyar da ake ba su, ta kuma sa sharaɗin izini a kan kama su da tsare su. An maye gurbinta da sabuwar doka a watan Yuli na 2024, wadda ta ƙara tsananta hukunci. Kamaru ta shiga yarjejeniyar duniya ta cinikin namun daji, wato CITES, a 1981, kuma tun shekarar 2000 yarjejeniyar ta hana fitar da sulkatan da aka kamo daga daji zuwa wata ƙasa don kasuwanci. Saurayin da ya ce a haye gada da shi bai san iyakar ƙasa zai tsallaka da kayan da ake tuhuma a kansu ba. Mu da muke zaune a cikin wasu ƙabilu, kasuwanci kuma shi ne sunanmu, ba mu da buƙatar a ce an kama Bahaushe da irin wannan a bakin gada.

Dalilin duk wannan tsanani shi ne dabbar tana ƙarewa. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta a jerin waɗanda ke cikin haɗarin ɓacewa. Shanu da awaki sun cinye ciyawar da take ci, gobarar daji na ƙone ƙanana, ga kuma masu kamawa su sayar. Abin mamaki, a Amurka ana ƙyanƙyashe dubbai a gidaje har masu su na rasa inda za su kai su idan sun girma, alhali a Sahel makiyayi sai ya shekara bai ga ɗaya ba. Mace takan yi shekara 10 ko fiye kafin ta fara ƙwai, saboda haka duk babba ɗaya da aka ɗauke daga daji, giɓinsa ba ya cikewa da wuri. Wanda ya sayi ɗan kunkuru a kasuwa don tausayi, kuɗin mota ya ba mai kamawa ya koma ya kamo wani.

Mai shi ta zo

Bayan mako biyar, wata rana da la'asar, sai ga wata tsohuwa da jikanta sun yi sallama. Tun kafin ta gan shi ta faɗi hudar da ke bayansa, ta kuma ce akwai ɗan ɓalli a gefen hagu ta gaba, inda jaki ya taɓa taka shi. Muka duba, haka ne. Ta ce marigayi mijinta ne ya saye shi a hannun wani makiyayi a shekarar da aka karya darajar sefa, wato 1994, lokacin bai fi tafin hannu ba. Ta tsuguna tana shafa wuyansa, shi kuma ya miƙe shi har iyaka.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe yanzu ta fara. Gidanta ya rushe, ɗaki ɗaya aka ba ta a gidan ƙanwarta. Ta ce, "Ɗana, na ga ya yi kyau a hannunka, na bar maka shi duniya da lahira." Yara suka yi tsalle. Uwargida ta dube ni, ba ta ce komai ba.

Na ce, "Inna, ba zan karɓa ba, amma zan ajiye miki." Na gaya mata dalilaina kamar yadda na zayyana su a sama: gidan ba nawa ba ne, ƙasar haƙa babu, kuma ba zan ɗaura wa 'ya'yana abin da ban san ko za su iya ba. Ita kuwa filinta nata ne, mai faɗi, da rairayi da inuwar darbejiya, ga jikoki da suka tashi tare da shi. Muka yi sharaɗi uku: ba za a sake sa masa waya ba, za a kewaye masa gefe guda nesa da katanga inda zai yi raminsa, tuwo da dusa kuma an daina. Muka je tare da jikan muka sanar da ma'aikatan gandun daji cewa ga dabbar da ke hannunmu, ga kuma asalinta. Autana ya yi kwana biyu ba ya yi mini magana.

A bazarar 2023 aka gama tayar da katangarta, jikan ya zo da kura ya ɗauke shi. Gyaran ramin da ya bar mana a gindin gini ya ci buhun siminti biyu, kuma daga aljihuna suka fito. Da ruwa ya sake tasowa a 2024, tun kafin ya iso unguwarsu sai ga yaron da baro a ƙofar gida, ya ce Kaka ta ce a gaishe ku, a kuma taimaka da ajiya. Muna sauke shi bai tsaya ko'ina ba sai gindin katangar nan, ya sa hannu yana kartar sabon simintin.